Ɗan Duba Mai Fitila Huɗu

Wata Asabar ce cikin watan Yuni na shekarar 2006. An rufe makarantu, zafin garin Greensboro na Amurka ya fara wannan danƙon nasa da ke manna wa mutum riga a baya tun da hantsi. Ina tsugune a barandar gidanmu ina fere dankali, raina a ɓace, don ƙanena Sadik yana can yana wasa da tiyon ban ruwa ni kuwa an haɗa ni da aiki, sai ga Baba ya faka mota ya fito da jakar laftof a kafaɗa, yana ta murmushi kamar wanda ya dawo daga kasuwa da ragon layya. Ya ɗora ƙafa a kan matakala, ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ɗan abu baƙi da bai kai akwatin ashana girma ba, da 'yar sarƙar makulli a jikinsa. Maɓalli ɗaya tal gare shi a tsakiya. Baba ya danna, wata jar fitila ta yi ta kai-komo, can sai koriya guda ta kama ta tsaya. Ya ce, "Ummi, kin ga wannan? Akwai intanet a cikin iskar nan da kike shaƙa." Na saki wuƙar cikin ruwan dankali, na ɗaga kai na dubi sama. Wallahi ban ga komai ba sai wayoyin lantarki da wani kurege yana tafiya a kansu.

Shekarata tara a lokacin. Ba mu daɗe da tarewa a gidan ba, wani tsohon gidan katako ne a East Greensboro mai matakala a gaba, da fili a baya inda Mama ta ɗaura igiyar shanya ta kuma yi 'yan kunyoyin rama da yakuwa. Baba yana aiki a wani katafaren sito inda ake jera kaya a manyan motoci, Mama kuma tana kula da tsofaffi, aikinta na yamma ne. Intanet dai ba a ja mana ba tukuna, mutanen kamfani sun ce sai wani watan. Laftof ɗin ta aro ce daga wurin Kawu Bitrus, abokin Baba ɗan Kafanchan mai gyaran kwamfuta, shi ne kuma ya ba da ɗan abin nan kyauta. Ya ce a zamanin nan mutane na sa wani ɗan akwati a gidajensu da ke watsa intanet ba tare da waya ba, wayales ake ce masa, kuma yakan tsallake bango ya fito har titi. Maimakon ka yi ta buɗe laftof kana rufewa kana neman inda yake, sai ka danna wannan. Fitila ɗaya, akwai shi amma da nisa. Fitila huɗu, kana kansa. Abin da ba ya iya gaya maka shi ne na wane ne, ko a buɗe yake ko a kulle. Baba ya gwada sau biyu ya gaji, ya ajiye shi a kan firij. Kafin ya juya baya ya zama nawa.

Ni fa tun ina ƙarama ba na iya ganin abu in bar shi. Makon nan kaf ban yi tsallen igiya ba, ban bi motar askirim ba, 'yar carafken da nake koya wa yaran layinmu ma na watsar. Na rataye abin a wuya da igiyar takalmi ina zagaye gida ina dannawa. Na danna a ƙarƙashin gado, na danna cikin kwandon wanki, na danna a saitin kunnen Sadik don in ga ko akwai wani abu a kansa, babu. Na gano cewa in Mama ta kunna maikurowef sai fitilun su haukace su kama duka, na kuwa yi ta ihu cewa akwai intanet a cikin miyar kuka, har sai da aka kore ni daga kicin da ludayi. Na gano cewa wayar gida marar igiya ma tana ruɗa shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, jikina yana tare abin: in na riƙe shi a ƙirji na juya a hankali, sai fitila ta ragu idan na ba wa inda yake fitowa baya. In an aike ni fitar da shara sai na yi rabin awa a bakin titi ina juyi. In mun shiga mota zuwa sayen cefane, hannuna na waje ta taga, ina kallon yadda unguwarmu ke ba da ɗaya ko babu, amma da mun bi ta wajen manyan gidajen Sedgefield sai fitilu su yi ta wasa. Sai na riƙa ganin kowane gida kamar yana numfashi, ni kaɗai ce kuma nake da abin jin numfashin.

A ɗakin baya kuwa kakata ce, mahaifiyar Baba, wadda kowa ke ce wa Hajiya. Daga Zariya aka kawo ta aka yi mata aikin gwiwa, tana zaune ƙafa a miƙe a kan matashi, ba ta zuwa ko'ina sai banɗaki, shi ma da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu. Sunanta aka sa mini, Rabi, shi ya sa iyayena ke ce mini Ummi, ita kuma take ce mini takwara. Ba ta ɗaukar amsar Turanci. In ta yi mini magana na amsa da bakin makaranta sai ta juya ta dubi bango ta ce, "Wa ke magana ne? Na ji kamar tsuntsu." Hausar da nake rubutu da ita yau, a gefen gadon nan na tsince ta, ina matsa mata ƙafa tana yi mini tsiya. Ranar da na nuna mata abin wuyana na yi mata bayani, ta karɓa ta jujjuya shi, ta danna, ta ga koriyar fitila ta kama. Ta ce, "To, ashe ɗan duba aka kawo mana gida. Mai gaya wa mutum abin da ido bai gani ba. Maza ki tambaye shi ina ɗan kunnena da ya ɓace." Tun daga ranar sunan ya bi shi, har Baba ma ɗan duba yake cewa.

Ashe ba don wasana aka aro kayan nan ba. Hajiya tana da yaya a Zariya, Inna Asabe, wadda ta goye ta ta kuma riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Bayan tahowar Hajiya ciwo ya kwantar da Inna Asabe, kuma ko da manya ba sa faɗa a gabanmu, na san jikin ya yi nisa, don duk lokacin da aka gama waya da gida sai Baba ya fita baranda ya zauna shi kaɗai. Muryarta ta yi ƙasa sosai, a waya ba a jin abin da take cewa sai a yi ta "Na'am? Na'am?" har kati ya ƙare. Hajiya ta ce ita fuskar take son gani. Sai wani jikan Inna Asabe da ke karatu a can ya shirya da mai wani kafen intanet da ke da kyamara, aka tsayar da ranar Lahadi bayan azahar, wato da hantsi ke nan a wurinmu. Za a ɗauko tsohuwa a mota a kai ta, kuma kowa ya san jikinta ba zai ɗauki a sake yin haka ba. Ita Hajiya kuwa likita ya hana ta sauka matakala, balle lanƙwasa ƙafa a mota. Dole intanet ya zo ya same ta a kan gadonta.

Baba ya ɗauka an gama. Ya ɗora laftof a kan teburin da ke gindin tagar Hajiya, ya buɗe, sai ga wayales guda a buɗe ba makulli, rarrauna dai, yana zuwa yana ɗaukewa, amma shafi na buɗuwa. Sunan da ya fito ba na mutum ba ne, sunan kamfanin da ya ƙera akwatin ne kawai. Baba ya yi hamdala ya ce Lahadi sai gani. Hajiya ta kalle shi ta ce, "Na wa?" Ya ce na wani maƙwabci ne. Ta ce wanne? Ya ce bai sani ba. Ta ce an tambaye shi? Baba ya yi dariya, ya fara bayani cewa abu ne da ke yawo a iska, a buɗe aka bar shi, ba ya raguwa don wani ya taɓa, mai shi ma ba zai sani ba. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, "A gidanmu in aka aike ka ɗebo garwashi a maƙwabta, a bakin zaure kake tsayawa ka yi sallama, a amsa, ka ce an ce a sam mana wuta. Ita ma wutar ai ba ta raguwa. Ka taɓa ganin na haura katanga na ɗebo?" Ta ja mayafinta ta ce ba za ta kalli fuskar yayarta da abin da ba a ba ta ba. A rufe.

Kai, ranar na ji haushin tsohuwar nan! Ga abu a hannu, ga mara lafiya na jira, ita kuma tana zancen garwashi a Amurka. Baba ya lallaɓa, ya kawo misalai, ya ce zai nemi mai shi daga baya ya yi godiya. Ta ce godiya daban, sallama daban. Ya kira Kawu Bitrus ko zai sa baki, shi kuwa da ya zo ya durƙusa ya gaishe ta ya ji bayani, sai ya sosa ƙeya ya ce wa Baba, "Gaskiya Hajiya ta fi mu gaskiya, ko a garinmu haka ake yi." Baba ya harare shi. Sai na sa baki ba a tambaye ni ba, na ce ai ba wanda zai iya sanin gidan, layin nan gidaje sun fi a ƙirga. Hajiya ta nuna wuyana da baki ta ce, "To wannan ɗan duban da kika hana mu sakat da shi, amfanin me yake yi? Takwara, ki nemo mini mai abin nan." Ban taɓa jin an ɗora mini aiki na ji daɗi ba sai ranar.

Amma Hajiya ba ta aika mutum gidan maƙwabci hannu sake. Tana daga kan gado ta sa Mama ta kwaɓa fulawa, aka soya cincin cike da roba, aka rarraba a ƙananan kwanoni masu murfi. Mama kuwa kamar ta nutse don kunya, ta ce a ƙasar nan ba a buga wa mutum ƙofa haka kawai, sai a kira maka 'yan sanda. Duk da haka ta zura hijabi, kullum da rana kafin ta tafi aiki mu fita, ni a gaba ina danna ɗan duba ina juyi, ita a baya da kwano. Duk gidan da fitila ta ƙaru a gabansa sai mu hau mu ƙwanƙwasa, Mama ta gaisa, ni in yi bayani da Turancin makaranta. Wata mata ta leƙo ta bayan sarƙar ƙofa ta ce ba ta sayen komai. Wani gidan kare ya yi mana rakiya har bakin titi, ni da Mama ba wanda ya jira wani. Gidan da na rantse shi ne, don fitila uku ya ba ni, ashe wata tsohuwa ce ke hira da wayarta marar igiya, ba ta ma da kwamfuta, amma ta karɓi cincin ta zaunar da mu ta ba mu shayi mai ƙanƙara. Gidan wasu ɗalibai kuwa da gaske suna da wayales, sai dai nasu a kulle yake, kuma bai kai tagarmu ba. Cincin dai ya yi ta tafiya, mun san sunayen rabin layi, mai abin bai fito ba.

Ranar Juma'a ta wuce. Da safiyar Asabar na shiga kai wa Hajiya kunu na tarar ta fito da sabon leshinta ta shimfiɗa a gefen gado, wanda za ta sa gobe, tana shafa shi da tafin hannu. Ba ta yi mini tsiya ba, ba ta tambaye ni ɗan kunnenta ba. Ta ce, "Ba a dace ba ko?" Na ce ba a dace ba. Ta ce to Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta juya fuska wajen taga. A lokacin na gane da gaske take, in ba a samu mutumin nan ba za ta haƙura da ganin yayarta, kuma haƙurin zai ci ta. Tsoro ya kama ni. Na fita filin baya shanya kayan da Mama ta wanke, ina yi ina kuka ina zagin ɗan duba a zuci. Da na kai ƙarshen igiya, wajen kunyoyin rama, sai na danna shi haka kawai don hannuna ya saba. Biyu suka kama. Na matsa jikin shingen baya, uku. Na juya na ba wa shingen baya, suka koma ɗaya. Na sake fuskantarsa, uku. Ashe duk kwanakin nan gaba muke ta nema, don a kaina maƙwabci shi ne wanda ƙofarsa ke kallon titinmu. Tagar Hajiya kuwa baya take kallo. Na watsar da zanin da ke hannuna a ƙasa na ruga ina kiran Baba.

Gidan da ke bayan shingen a wani layi daban yake, sai da muka zagaya. Baba ya riƙe kwanon cincin na ƙarshe, ni ina gaba, fitilu suna ƙaruwa har suka cika huɗu a kan matakalar gidan. Wani dogon tsoho baƙar fata ya buɗe, da hular ciyawa da almakashin lambu a hannu, ya ce sunansa Harold. Baba ya gaishe shi, ya fara kame-kame, sai ni na karɓe zancen. Na gaya masa komai da Turanci, har da garwashin, har da katanga. Ya saurare ni bai katse ni ba, ya karɓi ɗan duba ya danna ya ga fitilun, sannan ya fashe da dariya har da dafa ƙofa. Ya ce shi bai ma san abin na fita waje ba. 'Yarsa ce soja, an tura ta wata ƙasa, ita ta haɗa masa kafin ta tafi don su riƙa rubuta wa juna. Ya shigar da mu ya nuna mana ɗan akwatin mai ƙaho biyu a bayan talabijin. Don a tabbatar, Baba ya kira Mama a waya ta tsaya a gaban laftof, Mista Harold ya zare soket. Ta cikin wayar na jiyo Sadik yana ihu, "Ya ɗauke! Ya ɗauke!" Aka mayar, ya dawo.

Daga nan ne tsohon ya tambayi yaushe za a yi kiran. Baba ya ce gobe Lahadi da hantsi. Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce shi fa tun rasuwar matarsa ba ya fita ya bar komai a jone, tsoron gobara yake, gidan katako ne. Duk Lahadi kafin ya tafi coci sai ya bi soket ɗaya bayan ɗaya ya zare, har da akwatin nan, kuma ba ya dawowa sai bayan an ci abincin rana a can. Na dubi Baba. Shi ma ya dube ni. Da mun yi yadda muka so, da gobe an ɗauko mara lafiya an kai ta kafe, an zaunar da ita gaban kyamara, mu kuma muna nan da leshi da laftof muna danna abin da babu. Mista Harold ya ce a gaya wa Hajiya ya amsa sallamarta, ta ɗiba iya son ranta. Bai tsaya nan ba, ya sa Baba ya jawo doguwar waya suka ɗauke akwatin daga bayan talabijin suka ɗora shi a tagar kicin ɗinsa, wadda ke kallon tamu. Da na koma ɗakin Hajiya na danna ɗan duba a kan matashinta, huɗu suka kama cif. Ta dube su ta ce, "Yanzu ka yi duba."

Lahadi da hantsi aka yi wa Hajiya wanka, ta sa leshi, ta shafa turare kamar za a ji ƙamshin a Zariya. Aka ɗora 'yar kyamarar a saman laftof. Ta taga na hango Mista Harold cikin kwat ɗinsa ta coci, zaune a kan kujera a lambunsa, ashe ya fasa zuwa da wuri don kada abin ya ɗauke ba kowa. Aka daɗe ana kira yana katsewa. Can sai hoto ya fito, dishi-dishi, yana tsayawa yana motsi, wata 'yar tsohuwa ce a kan kujerar roba an tallafe ta ta baya, ta rame har na tsorata. Suka fara gaisuwa, kowace na hawa kan maganar 'yar'uwarta saboda muryar na makara a hanya, ina kwana na karo da ina wuni, ya jiki na karo da ya jiki. Sai tsohuwar ta matso da fuska ta ce, "Rabi." Na amsa, don na ɗauka da ni ake. Ban taɓa jin wani mahaluƙi ya kira Hajiya da sunanta ba. Inna Asabe ta ƙura mata ido ta ce, "Rabi, haka kike ɗaura ɗankwali a ƙasar mutane? Gyara." Sai ga Hajiya, wadda Baba ke rawar jiki a gabanta, ta sa hannu biyu tana gyara ɗankwali da sauri tana cewa, "To, Yaya." Suna dariya suna hawaye. Mama ta ja mu waje ta rufo musu ƙofa, abin da suka faɗa bayan nan nasu ne.

Da yamma kwanonmu ya dawo ta saman shinge, cike da kuɓewa ɗanya da tumatir. Hajiya ta ɗauki kuɓewa guda ta karya bakinta ta ji taushi, ta ce wannan mutumin ɗan gida ne, ya san ba a mai da kwano wayam. Har ta koma Zariya ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, ba wanda ke jin yaren wani, amma kullum da safe in ya fito ban ruwa sai ya ɗaga mata hula ta taga, ita kuma, da yake bakinta bai iya Harold ba, ta ce, "Sannu da aiki, Malam Haruna." Inna Asabe ta rasu kafin gwiwar Hajiya ta warke. Ranar da aka bugo waya na zauna a gefen gadon ina ta wasa da igiyar wuyana. Hajiya ta kama hannuna da ɗan duban a ciki ta riƙe, ta ce, "Na gan ta, takwara. Mun yafi juna ido da ido."

Yanzu ina zaune a wani bene can kudu da gari, da 'yata mai kusan shekarun da nake da su a lokacin. Tana kiran Zariya daga kujerar baya ta mota, fuska tar kamar mutum na gabanka, ba ta ma ɗauke shi a bakin komai ba. In na buɗe wayata sai in ga sunayen waifai, wato wayales ɗin nan, sun yi layi har ƙasa, kowanne da ɗan kwaɗonsa a gefe, ban kuma san fuskar mai ko ɗaya ba, ba wanda ke buƙatar wutar wani balle a yi sallama. Hajiya ta daɗe da bin yayarta. Gidan Mista Harold wasu ne a ciki, sun share lambun sun zuba siminti. Kwanakin baya ina kwashe tarkace na ci karo da ɗan duba a ƙasan akwati, da igiyar takalmin a jikinsa. Na sa masa sabon batir don 'yata ta gani. Duk inda ta danna, a falo, a kicin, a bakin titi, huɗu ne ke kamawa, har ta gaji ta ce abin ya lalace. Na ce mata lafiyarsa ƙalau. Hanyar ce ta samu ko'ina yanzu, waɗanda nake son gani a ƙarshenta ne babu.